Kwana Talatin na Manzo a Ɗaka

Shekara arba'in Manzo yana dunƙule taba gari da kanwa a kuncinsa na hagu, kuma a daidai wurin abin ya tsiro. Da fari ɗan farin tabo ne. Ya ce zafin kanwa ne, ya mai da tabar kuncin dama. Kafin a gama sussuka tabon ya zama gyambo mai tauri, in ya ci tuwo sai ka ga jini a bakin akushi. Anka yi jiƙo, anka yi rubutu. Wanzami ya leƙa bakin ya ce shi ba ya sa aska a irin wannan.

Manzo taubashina ne, ɗan gwaggota, kuma shi ne mai gida a babban gidansu da ke wani ƙauye gabas da Filinge. Tun muna yara Bawana nake ce masa, shi kuma tun da na shiga tuƙin motar Yamai ya sa mini Ɓarawon Tasha, har na bar tuƙi sunan bai bar ni ba. Ɗiyarsa Samiratu aikin jinya take yi a Yamai. Da ta zo hutu ta haska bakin uban da fitilar salula, da yamma ta same ni a ƙofar gida ta ce ciwon daji take tsoro, in taimake ta mu kai shi, don ni kaɗai nake iya zaginsa ya tashi.

A Yamai anka yanki ɗan nama anka auna, ya tabbata. Samiratu ta ji labarin wasu likitoci da ke gwajin wani sabon magani a wani asibiti, mutane kaɗan suke ɗauka, masu ciwon da bai yi zurfi ba. Na Manzo ya dace. Wadda ke riƙe da aikin wata siririyar mace ce, Likita Muna, Hausarta ba ta da yawa, sai ta yi da Faransanci ko Zabarmanci Samiratu ta juya mana.

Ta ce maganin wasu ƙwayoyi ne da anka ƙera da gangan, ƙanana ƙwarai, in ka jera dubu gefe da gefe da ƙyar su kai kaurin gashi guda. Kowace tana ɗauke da dafi, amma dafin barci yake. Za a zuba su a jijiya su bi jini, hanyoyin jinin da ke cikin ciwon kuwa kamar tsohon buhu suke, duk huji, sai ƙwayoyin su zube a nan su taru. Bayan kwana biyu a haska wurin da jan haske, dafin ya farka ya ƙone ciwon, naman kirki da ke gefe ya tsira. Sau biyu za a yi. Na fari ya ci saman, na biyu, bayan kwana arba'in, ya ci saiwar. In ba a yi na biyu a kan lokaci ba, na farin wahala ce kawai.

Manzo ya saurara, ya juyo ya ce mini wannan ai irin aikinmu ne na 'yan tasha, a kwanta shiru sai an ga fasinja.

Sai ta zo kan sharaɗin. Ba duk ƙwayoyin ke zuwa ciwon ba, saura na maƙalewa a fata, kuma jiki ba ya gama wanke su sai bayan kwana talatin. Hasken da ke tashinsu akwai shi a cikin rana. Don haka kwana talatin ba fita da rana, ba zama gindin itace, ba tsayawa bakin ƙofa, ko da hadari ne ya rufe sama. Sau uku ta maimaita maganar hadarin. Ta ba shi safar hannu, baƙin tabarau, da wani ƙyalle mai kauri. Manzo ya dangwala yatsa a takarda.

Ni dai na ji, amma a raina na rage. Na daɗe ina hulɗa da masu takarda, daga duwan, wato 'yan kwastan, har jandarma, na san in suna son biyar goma suke faɗi. Na ɗauka likita ma haka ne.

Anka zuba masa ƙwayoyin a jijiya. Bayan kwana biyu, ran haskawa, anka tura masa wani abu ya riƙe bakin a buɗe, anka sa wata siririyar waya mai jan haske a bakinta. Minti ashirin. Ya ce kamar an ɗora masa garwashi a kunci, amma bai motsa ba. Kwana biyar yana wani ɗaki mai labule baƙi. Gyambon ya yi baƙi, ya fara ɓarewa, ƙarƙashinsa jan nama mai kyau. Likita Muna ta duba ta yi murmushi, wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

Samiratu ta so ya ƙarasa kwanakin a wurinta. Ya ƙi. Ɗaki ɗaya da falo ne gare ta a gidan haya, ya ce ba zai kwanta a ɗakin ɗiyarsa ba surukinsa na shimfiɗa tabarma a waje, gara ciwon. Ba yadda ba ta yi ba. Hanyar Filinge kuwa a shekarun nan ba a binta da duhu saboda masu tare hanya, don haka da rana munka taho, mun liƙe tagogin baya da kwali, shi kuma yana ƙunshe cikin bargo kamar kayan da ake ɓoye wa duwan. Kafin mota ta tashi Samiratu ta riƙe ƙofa ta ce, “Baba Magagi, kai na ba amana. Ba Inna ba, ba ƙanensa Baba Kailu ba. Kai.”

Na ce ta kwantar da hankalinta.

A gida munka gyara masa shigifar da ake ajiye kayan aiki. Munka cushe taga da buhunna, munka rataya bargo biyu a ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, yadda mai shiga zai saki na waje kafin ya ɗaga na ciki. Bazara ce, ɗakin kamar tanda. Matarsa Salamatu tana yayyafa ruwa a ƙasa sau uku a yini. Masu dubiya suna zama a waje su gaisa da bargo, muryarsa ta amsa daga ciki. Ba a yi kwana huɗu ba magana ta zagaya kasuwa cewa fuskar Manzo ta zagwanye shi ya sa ake ɓoyonsa, wasu sunka ce taɓuwa ya yi. Ina kai masa labarin yana dariya, amma dariyar tana raguwa. Mutum ne da bai taɓa yini a ɗaka ba tun da anka yi masa kaciya. Bayan magariba yake fitowa ya zauna a tsakar gida ya daɗe yana kallon gabas. Yana jefa ƙwallon dabino guda a ƙoƙo kowace safiya, in na shiga ya girgiza mini ƙoƙon ya ce in ƙirga, ko da yake na san ba zai yarda da ƙirgar ɓarawo ba.

Bakin kuwa yana ta sauƙi. Ran kwana goma ya ci tuwo da miyar kuka ba jini. Salamatu ta fito da akushin tana nuna wa matan gida.

Ran kwana goma sha uku, da la'asar, ruwa ya sauka. Ruwan shuka ne na sosai, da safe na tona da hannu danshi ya wuce wuyan hannuna. Gari duka ya watse gona. Ina zuwa gidan Manzo na iske mutanen gidan zaune a ƙofa, maza da sungumi a jingine, mata da ƙoren iri a cinya, ba wanda ya tashi.

A gidan nan, tun kakanni, ba a shuka gandu sai mai gida ya yi saran fari. Sara bakwai yake yi da sunguminsa, ya zuba iri, ya rufe da diddigensa, ya yi addu'a, sannan kowa ya shiga. Ƙane ba ya yin saran nan sai ranar da anka binne wansa. Na san da al'adar, amma ban taɓa kawo ta a lissafin kwana talatin ba, ba kuma wanda ya faɗa wa likita.

Na ja ƙanen Manzo, Kailu, gefe na ce ya karɓi sungumin ya yi, lalura ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce yana ji ana faɗi a kasuwa wansa ya ƙare, in ya yi saran nan ya sa hannu ke nan a maganar, kuma in wani abu ya sami Manzo bana, har ya mutu za a ce shi ya yi gaggawa. Manzo da kansa ya kira shi daga bayan bargo ya ce ya yafe, ya je ya yi. Kailu ya durƙusa a ƙofar ya ce, “Yaya, ka sa ni komi, ban da wanga.”

Na ce to a ɗebo ƙasar gandun a ƙwarya a kawo ɗaka ya sara. Wani tsoho a gidan ya ce gandu ba ya shiga ƙwarya. Na ce a kai shi da asuba kafin gari ya waye. Gandun kuwa tafiyar awa guda ce da amalanke, can wajen tudu, kuma tun da anka tare mutane a hanyar nan bara ba mai fita daji sai ya ga tafin hannunsa. Da yamma ma haka, komowar ce za ta faɗa duhu. Munka yini muna jan magana, maƙwabta sunka dawo da yamma ƙafafunsu duk laka. Danshin ƙasar yashi kwana biyu ne, uku in Allah ya so. Wanda ya rasa shukar fari a ƙasarmu ya san abin da rumbunsa zai gaya masa, kuma baki ashirin da shida ke ci daga gandun nan.

Salula tana aljihuna duk yinin. Ban kira Samiratu ba, don na san abin da za ta ce.

Washegari gari ya tashi da lumshi. Sama ta rufe ruf, toka-toka, iska mai sanyi na kaɗawa har mata sun yafa zane biyu. Ba ka iya nuna inda rana take. Mutum ba shi da inuwa. Kailu ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon sama, Salamatu ma ta fito, duk sunka zuba mini ido, don ni na je Yamai, ni na ji bakin likita. Daga cikin ɗaki Manzo ya ce, “Ɓarawon Tasha, mi ka gani?”

Na tuna maganar hadarin da anka maimaita sau uku. Na kuma ji sanyin a fatata. Mu nan da zafi muke auna rana, wanda duk ya yi noma ya san ranar da ke ƙuna da wadda ba ta yi. Na ce a raina sara bakwai ne, ko shan shayi bai kai ba.

Na ce, “Yau babu rana.”

Munka naɗa masa rawani har ido, munka ɗora malafa, tabarau, safar hannu, munka rufe shi da bargo a kan amalanke. Har munka isa ba abin da ya taɓa shi, ina ta yaba wa kaina.

A bakin gandu ya sauka ya tuɓe takalmi, don ba a rufe iri da takalmi. Ya kama sungumi, safar ta zame a kan ƙotar, ya cire ta ya miƙo mini. Da ya zo addu'a ya ja rawanin ƙasa, ya cire tabarau, ya tura malafar baya. Jikokinsa da matan gida kwana goma sha huɗu ba su ga fuskarsa da rana ba. Sunka ga ba abin da ya zagwanye, har ƙiba ya yi. Wata ta rangaɗa guɗa. Ya sara bakwai, ya zuba iri, ya bi da diddige, mutane sunka bazu cikin gona.

Na ce to Bawana, a koma. Ya ce bari ya kai ƙarshen layin. Ya kai, ya juyo da wani. Na bi shi da bargo a hannu ina magana, ya ce, “Kai da ka yawata duniya, ka taɓa ganin wanda ya ƙone cikin sanyi?” Mutane sunka yi dariya, ni ma na yi. Gaskiya ban taɓa gani ba. Kuma na daɗe ban ga Manzo yadda yake a safiyar nan ba, yana sara yana tsokanar matan da ke binsa da iri wai sun tsufa. Na ƙyale shi. Layi huɗu ya yi, sannan ya zauna a kan iyaka ya sha fura yana kallon aiki. Duka-duka awa biyu ne. Rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya.

A hanyar komawa ya fara susar bayan hannunsa, ya ce kamar tururuwa. Kafin mu shiga gari ya ce kamar an shafa masa barkono. Da azahar fuskarsa ta kumbura har idanun sun shige, leɓɓan sun yi kamar za su fashe. Bayan hannuwa da bayan ƙafafu sunka tashi bororo manya-manya, inda rawani ya tsaya a goshi kuwa layi ne sak, sama fata lafiya, ƙasa ja kamar naman da anka feɗe. Bai yi kuka ba, numfashi kawai yake ja ta hanci. Salamatu ta kawo man shanu za ta shafa, na hana, shi ne abu ɗaya da na yi daidai a ranar.

Munka ƙunshe shi munka kai asibitin Filinge, sunka wanke sunka naɗe. A nan na kira Samiratu. Ta iso washegari da motar farko, ta wuce ni a baranda ba ta dube ni ba. Ta ɗauki hotuna ta aika wa Likita Muna. Amsar ta dawo cewa ba za a sake zuba masa ƙwayoyin ba sai fata ta warke sarai, kuma sai bakin ya buɗu yadda waya za ta shiga.

Fata ba ta yi sauri ba. Damina ce, ga ƙuda, ga shekaru. Hannun dama ya yi mugunya, leɓen ƙasa ya tsage ya ƙi haɗuwa, da ya haɗu kuma sai ya ɗaure, yatsa biyu ba sa shiga bakin. Kwana arba'in ya zo Manzo na kwance ana ɗura masa kunu da cokali. Kwana hamsin, kwana sittin. Tun ba a kai nan ba na lura ya koma karɓar cokali ta gefe guda, kuma warin gyambon da ya tafi ya dawo. Shi ma ya sani. Ya daina tsokanata, in na ce Bawana sai ya ɗaga hannu kawai. Gandu kuwa ya yi kyau, duk wanda ya wuce sai ya faɗa, kuma kowa ya faɗa sai Kailu ya tashi ya bar wurin.

Sai ran kwana saba'in da shida munka koma Yamai. Likita Muna ta duba hannuwan, ta duba bakin ta daɗe, ta taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda wata kaluluwa ta fito kamar goro. Ta aika mu hoto. Da sakamako ya zo ta zaunar da mu, ta yi magana a hankali, Samiratu ta kasa juyawa, sai da likitar ta haɗa da 'yar Hausarta. Ciwon ya shiga ƙashi, ya sauka wuya. Jan hasken nan ba ya nutsewa cikin nama fiye da faɗin farce. Ko an zuba ƙwayoyin sun taru a can, ba abin da zai kai gare su ya tashe su. Ta ce akwai wasu hanyoyi, tiyata da ƙona ciwon da wata na'ura, za ta rubuta takarda, amma ba za ta ɓoye mana ba, a inda abin ya kai, ragin wahala ne. Ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi.

Manzo ya tambaya, da bakinsa da ba ya fita sosai, ko in an yi tiyatar zai koma cin tuwo. Ta ce a'a. Ya ce to a ba shi na rage zafi ya tafi gida.

Munka zauna a benci a waje muna jiran a haɗa maganin. Samiratu tana tsakiyarmu, takardar a hannunta. Tun ranar da abin ya faru ba ta tambayi kowa yadda anka yi ba, sai a nan. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, wa ya ce a fita da shi.

Manzo ya buga ƙirjinsa da hannun da ya warke.

Na ce, “Ƙarya yake. Ni anka tambaya, ni na ce.”

Ta ce, “Kana wurin da likita ta faɗi maganar hadari.”

Na ce ina wurin.

“Da salula a hannunka, Baba Magagi.”

Na ce da ita.

Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar huɗu. Anka kira sunan uban daga taga, ta tashi ta karɓo kwalba biyu, ta durƙusa a gabansa tana nuna masa yawan ɗigon da za a sa a ruwa, safe da yamma, da abin da za a ƙara in zafin ya fi ƙarfinsa. Da ta gama ta ce ba ni za ta bar wa ba, za ta nemi hutu ta biyo mu ran kasuwa, kafin nan a ba Inna ta riƙe.

Ta zo ran kasuwar, kuma ba ta koma ba sai bayan sadakar bakwai. Manzo ya yi kwana talatin da ɗaya bayan dawowarmu, sannan ya rasu. Makon ƙarshe ko ruwa ba ya wucewa, sai a jiƙa auduga a shafa masa a leɓe. Kullum ina zuwa in zauna a bakin ƙofa daga hantsi zuwa la'asar. Samiratu takan gaishe ni yadda ake gaida baƙo, ta sa a kawo mini ruwa, ta koma ciki.